Sulhu, Lauya, Mai Raba Gardama ko Kotu: Wace Ƙofa Ta Dace Idan Aure Ya Zo Ƙarshe?

Wanda aurensa ya kai gargara, namiji ne ko mace, yakan tsinci kansa tsakanin masu ba da shawara iri biyu. Wasu za su ce masa ya rufa wa kansa asiri a zauna a sasanta, domin kotu wurin tonon silili ce. Wasu kuma za su ce kada ya yarda a cuce shi, ya nemi lauya tun kafin ɗaya ɓangaren ya riga shi. Kowannensu yana da tasa gaskiyar, sai dai duka suna magana ne kamar hanyoyin biyu ne kacal, kuma kamar wanda ya bi ɗaya ya toshe ɗayar har abada. Alhali hanyoyin sun kai huɗu, suna kuma shiga cikin juna. A ganina, kafin a yi maganar araha ko sauri ko gudun abin kunya, akwai abin da ya kamata a fara aunawa, wato yadda ƙarfi ya rabu tsakanin mutanen biyu: shin kowannensu zai iya cewa bai yarda ba ba tare da tsoron abin da zai biyo baya ba, shin kowannensu ya san abin da ake da shi na dukiya da bashi, kuma shin alkawarin da aka ɗauka yau zai kai baɗi?

Dole ne a fara warware wani ruɗani da ke cikin kalmar sulhu kanta. Akwai sulhun da burinsa shi ne a gyara aure a koma zama, akwai kuma sulhun da ake yi bayan an amince cewa zaman ya ƙare, domin a tsara yadda za a rabu: wurin wa yara za su zauna, wa zai ɗauki ɗawainiyar makaranta da asibiti, ya za a yi da gida da sauran kadarori da bashin da ake bin su. Aiki biyu ne mabambanta, kuma cakuɗa su yana jawo ɓarna. Macen da ta riga ta yanke shawarar rabuwa takan ƙi zuwa wurin mai shiga tsakani saboda tana zaton za a sake ce mata ta yi haƙuri, namijin da bai so rabuwar ba kuma yakan zo da fatan za a lallashi matarsa ta dawo, sai kowa ya tashi yana ganin an yaudare shi. Tambayar farko da ya kamata a yi wa duk wanda ya ce zai shiga tsakani ita ce, wanne daga cikin ayyukan biyu ya zo yi.

Ƙwararren mai shiga tsakani ba ya yanke hukunci, ba ya cewa wane ne mai laifi, kuma ba ya tsaya wa kowa. Aikinsa shi ne ya fito da batutuwan ɗaya bayan ɗaya, ya hana maganar komawa kan wa ya fara ɓata wa wani, ya sa kowa ya kawo takardunsa, sannan ya rubuta abin da aka cimma. Abin da aka faɗa a ɗakinsa, a mafi yawan dokoki, ba a ɗaukarsa a kai kotu a kafa hujja da shi, in ban da abin da ya shafi barazana ga rai ko cutar da yaro. Wannan sirri shi ke ba mutum damar cewa zai iya barin kaza idan aka ba shi kaza, ba tare da fargabar gobe lauyan wancan ɓangare ya karanto masa maganarsa a gaban alƙali ba.

Ƙarfin wannan hanya yana bayyana ne a ƙananan abubuwan da alƙali ba shi da lokacinsu. A ɗauka uba ya dage cewa lallai ɗansa ya riƙa zuwa wurinsa duk ƙarshen mako, uwa kuma ta kafe cewa ba za ta yarda ba. A kotu, magana ta tsaya a nan, sai a jira hukunci. Mai shiga tsakani kuwa zai iya juyawa ya ce, "Malama, mene ne ainihin abin da ke damunki game da ƙarshen makon?" Sai ta ce yaron yana da ciwon asma, kuma duk lokacin da ya je can sai ya dawo ba a ba shi maganinsa a kan ƙa'ida ba. Ya juya ga uban ya ce, "Malam, ka san da wannan?" Sai ya ce ba a taɓa nuna masa yadda ake amfani da abin shaƙar ba, kuma girman kai ya hana shi tambaya. Daga nan maganar ta tashi daga wa ya fi iko da yaro ta koma kan sayen abin shaƙa na biyu da zai zauna a gidan uba, da zuwansu tare wurin likita sau ɗaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma sulhu ne kaɗai daga cikin hanyoyin nan ke barin masu ɗakin su toshe da hannunsu.

Akwai binciken da ya auna wannan amfani a tsawon lokaci. Robert Emery, masanin halayyar ɗan'adam a Jami'ar Virginia ta Amurka, ya ɗauki iyayen da suka riga suka shigar da ƙara kan riƙon 'ya'ya, aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu aka tura su sulhu, wasu suka ci gaba da shari'a. Matsakaicin lokacin da masu sulhun suka ɓata bai wuce sa'o'i 5 ba. Da aka sake bibiyarsu bayan shekara 12, a sakamakon da aka fitar a 2001, kusan kashi 30 cikin ɗari na iyayen da yara ba sa hannunsu a rukunin sulhu suna ganin 'ya'yansu aƙalla sau ɗaya a mako, a rukunin shari'a kuwa kashi 9 ne kawai. Iyalan da aka yi binciken a kansu ba su da yawa, kuma na wuri ɗaya ne, don haka ba a ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa. Amma da yake ƙuri'a ce ta raba su, ba za a ce masu sauƙin kai ne suka zaɓi sulhu da kansu ba. Irin wannan fahimta ce ta sa ƙasashe da dama suka mai da shi matakin farko. Jihar Kalifoniya ta wajabta sulhu a rikicin riƙon 'ya'ya tun 1981. A Ostireliya, tun 2007 mai son shigar da ƙara kan yara sai ya kawo takardar shaidar cewa an gwada sasantawa. A Ingila da Wales, tun Afrilun 2014 ana buƙatar mai ƙara ya fara halartar zaman bayani wurin mai shiga tsakani. A Norway ma iyayen da ke da yara 'yan ƙasa da shekara 16 sai sun bi ta wannan ƙofa.

Sai dai abin da ya ba sulhu ƙarfi shi ne kuma rauninsa, kuma a nan ne nake ganin masu yabonsa suka fi yin sakaci. Tunda mai shiga tsakani ba ya tsaya wa kowa, to babu mai tsaya wa raunanan. Idan mutum ya shafe shekaru yana dukan matarsa, ko yana riƙe da kuɗinta da wayarta da takardunta, zama a kujeru biyu masu tsawo ɗaya ba zai mai da su daidai ba. Alamar takan fito ƙarara ga mai lura: a yi mata tambaya, kafin ta buɗe baki sai ta saci kallon fuskarsa, sannan ta ce, "Duk yadda ya ce ya yi." Wanda bai ƙware ba zai rubuta cewa an daidaita cikin ruwan sanyi, ya yi murna da aikinsa, alhali abin da ya faru shi ne an sa wa tsoro hatimi. Haka kuma akwai mazan da laifin da suke ganin sun yi, ko barazanar hana su ganin 'ya'yansu, ke sa su amince da ɗawainiyar da suka san ba za su iya ɗauka ba, bayan wata uku su gaza, rikici ya dawo sabo.

Dokoki sun lura da wannan. Yarjejeniyar Istanbul ta 2011 kan yaƙi da cin zarafin mata, a sashe na 48, ta buƙaci ƙasashen da suka shiga cikinta su hana tilasta sulhu a inda aka sami cin zarafi. Sifaniya ta riga ta haramta shi a irin waɗannan shari'u tun a dokarta ta 2004. Ingila da Ostireliya, da suka sa shi a gaba, duk sun keɓe wanda ke da hujjar an ci zarafinsa, da kuma al'amarin gaggawa. Saboda haka mai shiga tsakani na ƙwarai yakan fara ganawa da kowane ɓangare shi kaɗai, ya tambaye shi kai tsaye ko yana jin tsoron ɗayan. Wanda ya tara ku a ɗaki ɗaya tun ranar farko bai yi wannan tambaya ba, ya nuna iyakar iliminsa, kuma ya dace a bar shi. Akwai tsarin da ake ajiye kowa a ɗakinsa mai sulhun yana kai-komo, ko a yi ta waya ko intanet, kuma yana rage fargaba, amma ba ya kawar da ita idan mutanen za su sake haɗuwa a waje.

Ga mafi yawan jama'ar duniya, mai shiga tsakani na farko ɗan'uwa ne ko dattijo ko malamin addini. Wannan hanya tana da tushe mai ƙarfi: aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta yi umarni da a naɗa mai hukunci ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata, idan an ji tsoron ɓaraka, kuma ƙasashe da yawa sun shigar da wannan cikin dokokinsu. A Pakistan, dokar iyali ta 1961 ta tanadi cewa mai saki ya sanar da shugaban ƙaramar hukumarsa a rubuce, a kafa majalisar sasanci da wakilin kowane ɓangare, kuma sakin ba ya aiki sai bayan kwana 90. A Masar, dokar 2000 da ta ba mace damar neman khul'i a kotu ta sa sharaɗin a fara ƙoƙarin sulhu, sannan a 2004 aka kafa kotunan iyali tare da ofisoshin sasantawa da ake bi kafin shigar da ƙara. Dokar iyali ta Maroko ta 2004 ta sanya saki ƙarƙashin kulawar alƙali, tare da yunƙurin daidaitawa tukuna. Abin lura a ayar da kuma waɗannan dokoki shi ne kowane ɓangare yana da nasa mutumin. Fa'idar dangi ita ce sun san tarihin gidan, ana jin nauyinsu, kuma suna nan bayan an watse domin su tuna wa mai saɓa alkawari. Illarsu kuma ita ce suna da nasu buƙatun, kamar kare zumunci ko sunan gida, wanda ba kullum yake dacewa da buƙatar matar ko mijin ko yaran ba, ga shi sau da yawa ba a rubuta komai, kuma sirri ba ya daɗewa a tsakaninsu. Wajen gyara aure na fi ba su gaba a kan kowa. Wajen rabon gida, fansho ko jarin kasuwanci kuwa, kyakkyawar niyya ba ta isa ba idan babu sanin doka.

Nan ne lauya ke shigowa, kuma kuskure ne a ɗauka zuwa wurinsa shelar yaƙi ce. Lauya yana aiki a matakai daban-daban, kuma mafi arha da amfani a cikinsu shi ne zama ɗaya na shawara, inda zai gaya wa mutum abin da doka ta ba shi, abin da ba ta ba shi ba, da abin da alƙali zai fi karkata gare shi idan aka je gabansa. Wanda ya shiga sulhu da wannan sani yana ciniki ne da idonsa a buɗe, ya san abin da ya yafe da gangan ya yafe shi. Abin da ya faru a Ingila ya nuna yadda ayyukan biyu suke jingine da juna. A Afrilun 2013 gwamnati ta janye tallafin kuɗin lauya daga mafi yawan shari'un iyali, ta bar na sulhu, da tsammanin mutane za su kwarara wurin masu shiga tsakani. Sai aka ga akasin haka: yawan masu zuwa sulhu ya faɗi ƙwarai, domin lauyoyi ne dama ke tura mutane can, kotuna kuma suka cika da masu tsaya wa kansu ba wakili.

Mataki na biyu shi ne lauyoyin ɓangarorin biyu su yi cinikin a madadinsu, ta wasiƙu ko a zama. Wannan ya dace da waɗanda ba za su iya haɗa ido ba, ko waɗanda dukiyarsu ke da sarƙaƙiya, domin kowa yana da mai kare shi kuma ba a kai ga alƙali ba. Haɗarinsa shi ne kowace wasiƙa kuɗi ce, kuma wasiƙa mai zafi takan haifi wadda ta fi ta zafi. Wani lauya a birnin Minneapolis na Amurka, Stuart Webb, ya fito da wata dabara a 1990 domin magance haka: ma'auratan da lauyoyinsu duka su sa hannu cewa idan magana ta lalace aka nufi kotu, lauyoyin biyu za su janye, a nemi wasu. Ta haka babu lauyan da ke da riba a rushewar sulhu. Dabara ce mai kyau, amma idan ta gaza an yi asarar kuɗin farko, kuma ba ko'ina ake samun masu yin ta ba. Abu ɗaya da ya kamata a kiyaye a kowane mataki shi ne lauya ɗaya ba zai kare mutum biyu masu jayayya ba. Idan mai ƙarfi a cikinsu ya ce, "Kada ki wahalar da kanki, lauyana zai rubuta mana komai," to takardar da za ta fito tasa ce. Haka nan lauyan da ya yi alkawarin nasara tun kafin ya ga takardu, ko ya ƙi faɗin yadda yake lissafin kuɗinsa a rubuce, bai cancanci amana ba.

Hanya ta uku, wato ta mai raba gardama, ba ta buƙatar dogon bayani. Ɓangarorin biyu su amince da wani masani, su ba shi ikon yanke hukunci, su yi alkawarin bin abin da ya yanke. Bambancinsa da mai shiga tsakani shi ne shi yana da kalmar ƙarshe. A Ingila an fara tsarinsa na iyali a 2012 kan dukiya, aka faɗaɗa shi zuwa batun yara a 2016. Yana da sauri da sirri, kuma ya fi dacewa idan an daidaita komai sai abu ɗaya ya rage, misali darajar gida. Amma kuɗinsa a kan masu gardamar yake, ba shi ke raba auren a hukumance ba, kuma ƙasashe da yawa ba su yarda a miƙa masa makomar yara ba.

Ita kuwa kotu, an fi ambaton aibinta, kuma aibin gaskiya ne. Ana ɗage zama, ana jiran sammaci ya isa, ana maimaita abin da ya faru a ɗakin kwana a gaban baƙi, kuma hukuncin yana fitowa ne daga wanda ya san iyalin ta takarda da 'yan sa'o'i. Shari'a mace ce mai ciki, babu wanda ya san abin da za ta haifa. Mafi muni shi ne yadda take koya wa iyaye biyu tattara laifukan juna, alhali za su ci gaba da haɗuwa a kan yaro ɗaya na shekaru masu yawa. Wasu dokokin sun rage wannan ta hanyar cire buƙatar tabbatar da laifi kafin a raba aure: Kalifoniya ta fara a 1970, Ostireliya ta bi a dokarta ta 1975 inda rabuwar wata 12 ta isa hujja, Ingila da Wales kuma sai a Afrilun 2022, tare da wa'adin jira na mako 20. Amma wannan ya sauƙaƙa raba auren ne kawai, bai kashe gardamar yara da dukiya ba.

Duk da haka akwai abubuwan da kotu ce kaɗai ke iya yi, kuma wanda yake buƙatarsu bai kamata a kunyata shi ba. Ita ce ke iya umartar mutum ya nisanci gida ko ya daina tunkarar wanda yake cutarwa, wani lokaci a rana ɗaya. Ita ce ke iya tilasta fito da takardun banki a kan rantsuwa, ta hana sayar da kadara ana tsakiyar magana, ta sa a riƙa cire kuɗin ciyarwa daga albashi, ta hukunta mai taurin kai. Ita ce ke iya ci gaba da shari'a ko da ɗaya ɓangaren ya ƙi zuwa, alhali sulhu yana mutuwa ne da zarar mutum ɗaya ya tashi. Kuma tana da ɗaukaka ƙara. Shari'ar Sharland a Kotun Ƙolin Birtaniya a 2015 misali ce mai kyau: an daidaita kan dukiya, daga baya ta bayyana cewa mijin ya ɓoye shirin da ake yi na sayar da hannun jarin kamfaninsa a kasuwa, abin da ya shafi darajarsa, kotun kuwa ta ba matar damar a sake buɗe maganar. Babu mai shiga tsakanin da ke da wannan iko.

Game da kuɗi da lokaci, jerin a bayyane yake a ko'ina: sulhu ya fi arha da sauri, cinikin lauyoyi yana biye, shari'ar da aka fafata har ƙarshe ta fi kowanne ci. Sai dai lissafin yana canzawa idan aka duba abin da ake samu. Sulhun da ya ƙare cikin mako biyu amma ya sa mace ta yafe haƙƙin ciyar da 'ya'ya uku na shekara goma ya fi kowace shari'a tsada. Akwai kuma mai amfani da sulhu domin jan lokaci, yana ɗage zama yana kwashe dukiya ko yana barin yaro ya saba da wuri ɗaya har ya zama hujja. Maganin wannan shi ne a sa wa'adi tun farko, a ce zama kaza cikin wata kaza, idan ba a kai ko'ina ba a wuce gaba. Mai ƙaramin ƙarfi kuma ya tambayi ofishin ba da tallafin shari'a na gwamnati, da ƙungiyoyin lauyoyi masu aikin sa-kai, da sashen sulhu na cikin kotu, domin kotuna da yawa suna da shi yanzu.

Batun yara ya bambanta da sauran ta wata fuska da iyaye kan manta. Dukiya ta masu ita ce, suna iya yafewa, amma ciyarwa da kulawa haƙƙin yaro ne, shi ya sa a dokoki da yawa alƙali yana iya ƙin amincewa da yarjejeniyar iyaye idan ta cutar da shi, kuma ana iya sake duba ta idan hali ya canza. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta sa maslahar yaro a gaba a sashe na 3, ta kuma ba shi damar a ji ra'ayinsa gwargwadon shekarunsa a sashe na 12. Jin ra'ayin yaro daban ne da ɗora masa zaɓi tsakanin uwa da uba, wanda nauyi ne da bai kamata a aza wa kowane yaro ba. Idan kuma akwai alamar ɗaya daga cikin iyayen zai tsallaka da yaro wata ƙasa, to wannan ba lokacin jiran zaman sulhu ba ne. Yarjejeniyar Hague ta 1980 ta tanadi hanyar mayar da yaro ƙasar da ya saba zama, amma tana aiki ne tsakanin ƙasashen da suka shiga cikinta kawai, kuma hana tafiyar da umarnin kotu ya fi neman dawowa sauƙi nesa ba kusa ba.

Akwai kuma tambayar da ke zuwa kafin duk waɗannan, wato wace doka ce ke mulkin auren. A ƙasashe irin su Najeriya, Indiya da Malesiya, hanyar da aka ɗaura aure ita ke nuna kotun da za ta saurare shi da ƙa'idar da za a bi, kuma waɗanda suka yi aure a wata ƙasa suke zaune a wata suna iya tarar da cewa sakin da ya inganta a addini bai raba su a idon hukuma ba, ko akasin haka. Wannan kaɗai ya isa dalilin ganin lauya sau ɗaya.

Idan aka haɗa duka, ga inda na tsaya. Ga waɗanda ba tsoro a tsakaninsu, kowa ya san abin da ɗayan ya mallaka, kuma akwai yara, sulhu ne ya fi, amma a kewaye shi da doka ta gaba da ta baya: shawarar lauya kafin a fara, lauya ya karanta takardar kafin a sa hannu, sannan a kai ta kotu ta zama umarni, domin a wurare da yawa, ciki har da Ingila, abin da aka rubuta a ɗakin mai shiga tsakani ba ya ɗaure kowa sai alƙali ya amince da shi. Ga waɗanda ba tsoro amma akwai ɗaci mai yawa ko dukiya mai wuyar lissafi, lauyoyi su yi cinikin, a miƙa abin da ya gagara ga mai raba gardama. Ga wanda ake duka ko ake yi wa barazana, ko yake da dalilin zargin ana ɓoye dukiya, ko aka sha saɓa masa alkawari, kotu ce farko, kuma idan umarninta ya samar da kariya aka fito da takardu, ƙofar sasantawa tana nan a buɗe, domin shari'un iyali da yawa da aka shigar a kotu da yarjejeniya suke ƙarewa kafin ranar hukunci.

Kowace hanya aka bi, takardar ƙarshe ita ce za a zauna da ita, don haka a guji kalmomi irin su "gwargwadon hali" da "duk lokacin da ya dace", waɗanda ke da daɗin ji ranar sa hannu amma kowa ke fassara su yadda ya so daga baya. A rubuta adadin kuɗin ciyarwa, ranar biya a kowane wata da hanyar biyan da ke barin shaida. A rubuta ranaku da sa'o'in da yaro zai kasance wurin kowa, wurin da za a miƙa shi da wanda zai kawo shi, yadda za a raba hutun makaranta, wanda zai riƙe takardar haihuwa da fasfo, da wanda za a fara kira idan an kwantar da shi a asibiti. A faɗi abin da zai faru idan ɗaya ya sake aure, ya rasa aiki ko ya koma wani gari, a sa ranar da za a sake duba yarjejeniyar yayin da yaran ke girma, a kuma ambaci wanda za a koma wurinsa idan an sami saɓani kafin wannan rana. Kowane ɓangare ya tafi da kwafinsa mai ɗauke da sa hannun shaidu da hatimin kotu.